Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gidajen rediyon Kaduna da ma'aikatansu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana da ƙannena, sannunku da aiki. Ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce. Shekara 35 na yi ina awon ciki, ina karɓar haihuwa, ina yi wa yara allurar rigakafi, daga ƙauyukan Giwa da Igabi har cikin garin Kaduna, kafin in ajiye aiki in dawo gida Tudun Wada. Duk tsawon shekarun nan rediyo bai rabu da ni ba. Da shi nake kwana in ina aikin dare, da shi nake girki yanzu. Muryoyin wasunku na san su kamar na 'ya'yan cikina, ko da yake ban taɓa ganin fuskokinku ba. Don haka abin da zan faɗa maganar gida ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maƙwabciyata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ta fi shekara goma da ciwon suga, kuma tana lallaɓa shi yadda ya kamata. Duk wata tana zuwa asibiti, tana shan ƙwayoyinta, in ta ji jiri ta aiko jikarta in zo in gwada mata da 'yar na'urar da nake da ita. Da kuɗin magani ya tashi bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, sai ta fara raba ƙwaya gida biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Ana cikin haka ta ji wani mai magani a ɗaya daga cikin tashoshinku, yana da filinsa na rabin awa duk daren Alhamis. Da addu'a yake buɗewa, muryarsa a natse. Ya ce gora uku na maganinsa na tumɓuke suga tun daga saiwa, wanda ya sha ya yi sallama da asibiti. Har da masu bugo waya suna ba da shaida. Ta sayar da tunkiyarta ta saya. Ba ta gaya mini ba, don ta san abin da zan ce.

Bayan wata huɗu ƙusa ta soke ta a tafin ƙafa, ba ta ma ji ba, domin suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ƙafa. Ranar da jikar ta kira ni, tun daga zaure na ji warin. Na kwance tsumman da ta ɗaure, na tarar yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Na ɗiga jininta a na'ura, na'urar ta kasa nuna lamba, sugan ya wuce iyakar abin da take iya aunawa. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da na je duba ta na kasa daurewa, na ce, "Haba Yaya, me ya kai ki?" Ta dube ni ta ce, "Malama, ai a rediyo na ji."

Wannan amsar ce ta hana ni barci. Masu lasifika a kan mota a Kasuwar Barci ta san su, shekara da shekaru tana wuce su ba ta taɓa tsayawa ba. Amma rediyo daban ne a wurinta. Tun 1962 da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin a garin nan, mutanenmu suka ɗauki abin da ya fito daga akwatin nan a matsayin maganar da aka tace. Iyayenmu sun saurari Jakar Magori kamar yadda ake sauraron dattijon gari. Wannan yardar gado kuka tarar, wasu ne suka yi shekaru suna tara ta, kuma ita ce mai maganin nan yake saya duk ranar da ya biya kuɗin fili.

Na san halin da kuke ciki. Ɗan ƙanwata ya yi aiki a wata tasha, yakan yi wata uku bai ga albashi ba. Ga man janareta, ga kuɗin lasisi, manyan kamfanoni kuma ba kullum suke waiwayo tashoshin Hausa da talla ba. Mutum biyu ne ke shigowa da kuɗi a hannu ba sa neman ragi, mai magani da ɗan siyasa. Na fahimci wannan. Sai dai akwai doka, kuma kun fi ni saninta. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana a tallata wa jama'a cewa wani abu yana warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon daji, da sauran cututtukan da ta jera. Tallar magani kuma sai NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta duba ta amince kafin a sa ta a iska. Lambar nan da suke karanto wa masu sauraro suna cewa hukuma ta shaida maganinsu, ku karɓi gorar ku duba, sau da yawa za ku ga ta ƙare da harafin L. Abin da take nufi shi ne an duba an ga bai nuna alamar guba ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da komai, shi ya sa ake tilasta musu su rubuta a jikin gorar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Da ƙaramin rubutu suke sa shi, da Turanci. Maƙwabciyata ba ta yi boko ba.

Kada wani ya ce na raina maganin gargajiya. Kakata unguwar zoma ce, a hannunta na fara ganin yankan cibi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu yau ma daga wani ganye ɗan uwan tazargade masana a ƙasar Sin suka fitar da shi, har aka ba matar da ta jagoranci aikin kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka gwada, aka san adadin da za a sha, aka san wanda zai cutar. Wanda yake da irin wannan hujja ya kawo, ni ce zan fara raka masa marasa lafiya.

Na ga abin da magana ke yi wa jikin ɗan Adam tun kafin waya ta shiga kowane gida. A 2003 ina cikin masu bin gida-gida da akwatin sanyi muna ɗiga wa yara maganin shan inna. A shekarar ce aka ce an zuba masa abin hana haihuwa, wasu shugabannin siyasa da na addini a Kano da Zamfara da nan Kaduna suka ce a dakata. Ba zan ga laifin talaka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga yaƙin Iraƙi ana yi a wannan shekara ta 2003, ga zaɓen da ya bar mutane da yawa a Arewa da ɗacin rai. Ina tuna wani magidanci da ya tare mu a ƙofar gidansa, rediyonsa rataye a kafaɗa. Bai zage mu ba. Cewa ya yi, "Malama, jiya na kai ɗana asibitinku da zazzaɓi, aka rubuta mini takarda aka ce in je kemis. Yau kun biyo ni har gida da maganin da ban nema ba, kyauta. Ki gaya mini dalili." Na yi masa bayani iyakar sanina, amma ni kaina na san tambayarsa ta fi amsata ƙarfi. Bai bar mu mun shiga ba.

Cutar shan inna ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Wasu daga cikin yaran da muka kasa kaiwa gare su a shekarun nan, su ne samarin da kuke gani a kan katako mai taya a mahaɗar titunan garin nan.

To ta yaya aka dawo da mutane? Kano ta koma rigakafin a watan Yulin 2004 bayan an kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sarakuna suka shigo, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tsaya a kai, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka mu. Malamai suka yi huɗuba. Ku kuma kuka buɗe layi, likita ya zauna yana amsa tambaya da Hausar da kowa ke ji, waɗanda cutar ta nakasa suka zo da bakinsu suka roƙi iyaye. Na sha isa gida in tarar uwa ta riga ta fito da yara, ta ce ta ji shirin jiya. Haka kuma ban manta watan Fabrairun 2013 ba, da aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo ya sake tayar da tsohon zargin. Ba na cewa shirin ne ya ɗauki bindiga. Amma mu da muke fita da akwati washegari mun san magana zarar bunu ce. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar kawar da ƙwayar shan inna ta asali. Kuna da kaso a wannan lada, kuma da muryarku kuka same shi.

Yanzu zamani ya sake. Abin da a da sai mai wa'azi ko ɗan siyasa ya tara jama'a kafin ya faɗa, yau mace ɗaya a ɗakinta ta danna waya ta faɗa, kafin azahar ya isa Kafanchan da Birnin Gwari. A watan Agustan 2014 da asuba aka riƙa tashin mutane da waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, maganin Ebola ne. An ba da rahoton mutuwar mutum biyu, an kwantar da wasu da dama, alhali cutar ba ta ma iso Arewa ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya. A watan Mayun 2024 da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa a jihar nan, saƙon murya ya shigo guruf ɗin matan Islamiyyarmu. Wata ce ba suna, ba gari, ta ce ƙanwarta nas ce kuma ta rantse mata allurar na kashe mahaifa. Zargin 2003 ne ya canza riga. Ni na yi jinyar masu wannan ciwo. Na ga mace mai 'ya'ya takwas da jini ya dawo mata bayan ta daina al'ada, tana jin kunyar faɗa, har sai da wari ya sa aka ware mata ɗaki. Bayan sankarar mama, ita ce ta fi kama matan Nijeriya. Na ɗauki waya na yi nawa bayanin, ya isa ga mata sittin ɗin da ke guruf ɗin. Nata kuwa Allah kaɗai ya san inda ya kai.

Abin da nake so ku ji shi ne abin da wata daga cikinsu ta rubuto bayan nan: "Bari mu ji ko za a faɗa a rediyo." Kun gani? Duk da Facebook da TikTok da WhatsApp, har yanzu wurinku ake kawo ƙara. Kuma abin da muka samu a tashoshin da nake kamawa shi ne sanarwa ta minti ɗaya, da Hausar da kana ji ka san daga Turanci aka juyo ta, an maƙala ta tsakanin tallar maganin basir da shirin siyasa. Wadda ta yi saƙon muryar minti huɗu ta yi tana magana kamar yayarka. Yanzu ma har ana haɗa bidiyo da ƙirƙirarriyar basira, a ɗauki fuskar likita ko ta mai karanta labarai a sa mata maganar da ba ta yi ba, ana tallar maganin hawan jini. Gobe muryar ɗayanku za a ɗauka.

Sai batun siyasa, wanda a nan ne na fi jin ciwo. Jihar nan tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, kuma tun gwamnatin da ta gabata ake aikin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. An gyara da yawa, na gani da idona, wasu har da wutar sola da rijiyar burtsatse. Asibitin ƙwararru mai gado 300 da ke Millennium City an fara shi a 2009, ya ga gwamnoni biyar, aka buɗe shi a 2025. Duk kun kawo mana rahoton yanke ƙyalle, kuma ya dace ku kawo. Amma gini ba ya karɓar haihuwa. Abin da mai ciki ke son sani shi ne, in naƙuda ta zo mata ƙarfe biyun dare, za ta tarar da ungozoma ko kuwa sai maigadi? Akwai allurar tsayar da jini a firij? In jijjiga ta kama ta, akwai motar da za ta kai ta babban asibiti, kuma akwai mai a cikinta? Ɗan siyasa na kowace jam'iyya ya fi son gini, domin gini ana ɗaukarsa hoto. Albashin ungozoma da za ta yarda ta zauna a ƙauye ba ya fitowa a hoto.

Me muke ji da daddare? Sojojin baka. Wannan ya sayi minti goma ya ce an gama komai, asibitocinmu sun fi na Abuja. Wancan ya sayi nasa ya ce duk ƙarya ce, ko Panadol babu. Dukansu biyu ba wanda ya taka asibitin da yake magana a kai. Matar da ke sauraro a Rigasa ta rasa wanda za ta gaskata, sai ta yanke wa kanta hukunci ta haihu a gida, in abu ya ɓaci a kira mai kemis ya sa mata ƙarin ruwa. Haka aka yi a 2020, da mutane suka ce korona siyasa ce, duk da gwamnan jihar kansa ya kamu da ita a watan Maris. Wanda aka saba yi wa ƙarya, ranar da aka zo masa da gaskiya ma ba zai buɗe ƙofa ba. Kuma ba ƙaramin abu ake wasa da shi ba: a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, cikin duk mata huɗu da suka mutu a dalilin ciki ko haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Nijeriya ce.

Tsakanin mai yabo da mai zagi akwai aikin da babu mai iya yin sa sai ku. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma Kaduna na cikin jihohin da ke rubuta hakan a takarda a shekarun nan. Madalla. Amma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma gwamnati na wallafa rahoton yadda aka kashe kasafin duk wata uku. Wa ya taɓa karanta mana shi da Hausa? Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci, wani ɓangare yana shiga asusun asibitin kai tsaye. Ku je ku tambayi shugabar asibiti ko ya shigo, ku tambayi kwamitin mazaɓa me aka saya da shi. Akwai inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, da mai sayar da ƙosai ma za ta iya shiga, amma yawancin matan layinmu sun ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce kawai. Da maƙwabciyata ta san da ita, wataƙila da ba ta fara raba ƙwaya ba. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Ku nemo sunayen asibitocin da ke jihar nan ku riƙa karanta su kamar yadda kuke karanta sanarwar ɗaurin aure, sannan ku bi sawu ku ji ko kyautar ta tabbata. In kun tarar ana aiki ku faɗa, ko da gwamnatin da ba ku so ce ta yi. A 2018 binciken BBC guda ɗaya kan maganin tari mai kodin ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi cikin 'yan kwanaki. Abin da suka nuna, kowace uwa a Arewa ta riga ta san shi. Su dai sun je ne sun ɗauko.

Fasaha ma haka take, tana tafiya ne da abin da hukuma ta yanke. Tun 2022 jiragen Zipline marasa matuƙi ke tashi daga Pambegua a ƙaramar hukumar Kubau, suna jefa wa asibitocin karkara allurar rigakafi da magunguna da 'yar lema. Wata da na koya wa aiki ta ce ranar farko yaran ƙauyen duk sun fito kallo, ita kuwa kuka ta yi, don ta tuna shekarun da muke ɗauko rigakafi a bayan babur, ƙanƙarar akwatin na narkewa a hanya. Amma jirgin ba ya tashi sai ta aika saƙo ta waya. Ita ɗin ce dai ta ba ni labarin ƙarshen 2021, da aka rufe layukan waya kusan wata biyu a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga. Ban ce ba a da dalili ba, mutanen yankin sun sha wuya a hannun ɓarayin daji. Sai dai wata mata ta zo mata da zubar jini bayan haihuwa cikin dare, ba halin kiran direba, ba halin kiran likita, wayar da ke hannunta fitila kawai ta zama. Da hannu ta danne mahaifar har gari ya waye, Allah ya yi da sauran kwana. Ta ce a makonnin nan abu ɗaya ne ke shigowa ƙauyen daga waje, rediyo. Ina roƙonku, duk ranar da za a sake ɗaukar mataki irin wannan, a samu ɗayanku ya miƙe a gaban mai sanarwa ya tambaya me aka tanadar wa masu naƙuda.

Ga masu tashoshi, Alhazai da Hajiyoyi, buƙatata ba ta fi ƙarfinku ba. Duk mai maganin da ya zo sayen fili, a nemi takardar amincewar tallarsa, kuma duk wanda zai ce wa mai suga ko mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa, a mayar masa da kuɗinsa. Ku haɗu ku yi wannan tare, don kada wanda aka kora a nan ya tsallaka titi a karɓe shi. Ku ba da awa ɗaya a mako, a lokacin da mata ke sauraro, a kunna saƙon muryar da ke yawo a garin a wannan makon, likita ko ungozoma ta amsa shi, a bar layi a buɗe, sannan a yanka amsar gajeriya a tura ta WhatsApp ta bi sawun ƙaryar. Garin da ke da asibitin koyarwa na Barau Dikko, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa, ba zai rasa masu zuwa su yi magana ba. Mu ma da muka ajiye aiki muna nan, ba ma neman ko kuɗin mota.

Jiya na shiga wurin maƙwabciyata na wanke mata dungulmin, na karanta mata wannan wasiƙa kafin in aiko. Ta ce in ƙara da cewa ba ta riƙe kowa a zuciya ba, abin da Allah ya rubuta ne. Na ƙara, don ta sa ni. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, sandunan na jingine da bango, rediyon na gefenta a kunne. Mutumin nan kuwa har yanzu filinsa na nan, duk daren Alhamis bayan sallar isha'i.

Wassalam.

Taku,
uwa kuma tsohuwar ma'aikaciyar lafiya,
Tudun Wada, Kaduna.